Katangar tsaron kwamfuta: Dalilin da ya sa take yanke intanet da haɗarin da ke cikin kashe ta

A ƙarshen makon farko na watan Yunin 2021, lauyoyin gwamnatin birnin New York na Amurka sun wayi gari ba sa iya buɗe imel ɗinsu na aiki, ba sa kuma iya kaiwa ga takardun shari'o'in da ke hannunsu.

Kwamfutocinsu lafiya lau suke, wutar lantarki ma ba ta ɗauke ba. Hukumar tsaron intanet ta birnin, wato NYC Cyber Command, ita ce ta yanke Ma'aikatar Shari'a daga sauran hanyoyin sadarwar gwamnati da gangan, bayan ta gano cewa wani mai kutse ya shiga ciki.

Ma'aikatar a lokacin tana da lauyoyi kimanin 1,000, kuma tana riƙe da bayanan sirri masu yawa, ciki har da na lafiyar mutane da na ƙananan yara da ke fuskantar shari'a. Sai da wasu lauyoyin suka roƙi alƙalai su ƙara musu lokaci, saboda ba su da hanyar ɗauko takardunsu.

A wajen lauyan da ke zaune gaban kwamfuta, matsalar ita ce intanet ta ƙi aiki. A wajen jami'an tsaro kuwa, wannan yankewar ita ce maganin.

Irin wannan saɓani na faruwa kowace rana a gidaje da ofisoshi da makarantu. Manhaja ta ƙi haɗuwa da intanet, kiran bidiyo ya ƙi shiga, firinta ta ɓace daga kwamfuta. Sau da yawa abin da ke tare hanyar shi ne katangar tsaro, wadda masana ke kira fayawol.

Shawarar farko da mutum kan samu daga abokai ita ce ya kashe katangar gaba ɗaya. Yawanci kuwa aikin kan tafi nan take, abin da ke sa shawarar ta yi kama da gaskiya. Sai dai tarihin kutsen intanet ya nuna cewa wannan gyara na iya zama gudun gara a faɗa gidan zago.

Mece ce katangar tsaro?

Asalin sunan daga harkar gini yake: bango ne mai kauri da ake yi tsakanin sassan gini domin idan gobara ta tashi a ɗaya, kada ta tsallaka zuwa ɗayan.

Amma aikinta a kwamfuta ya fi kama da na ganuwar tsofaffin biranen Hausa. Ganuwar Kano ba ta hana shiga da fita ba, ta dai tilasta wa kowa ya bi ta ƙofa, ko Ƙofar Mata ko Ƙofar Nassarawa ko Kabuga, inda akwai mai tsaro da ke ganin wanda ya zo da abin da ya ɗauko.

Bayanai na tafiya a intanet cikin ƙananan ƙunshi. Kowane ƙunshi na ɗauke da adireshin inda ya fito, da na inda za shi, da kuma lambar ƙofar da yake son shiga. Kowace kwamfuta na da irin waɗannan ƙofofi sama da 65,000.

Shafukan intanet na bi ta ƙofa mai lamba 80 ko 443. Tambayar adireshin shafi na bi ta 53. Musayar fayil tsakanin kwamfutocin Windows na bi ta 445, shi kuma mai son sarrafa kwamfuta daga nesa yakan bi ta 3389.

Katangar na duba kowane ƙunshi, ta auna shi da jerin ƙa'idojin da aka ba ta, sannan ta bar shi ya wuce ko ta tare shi.

A mafi yawan kwamfutocin gida, ƙa'idar ita ce: abin da mai kwamfuta ya aika waje ya fita, amsarsa kuma ta dawo, amma baƙon da ba a gayyata ba ya tsaya a waje.

An fara ɗaukar batun da muhimmanci ne bayan 2 ga Nuwamban 1988, lokacin da Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell da ke jihar New York, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta. An ƙiyasta ta shafi kwamfutoci kimanin 6,000, a zamanin da duka waɗanda ke kan intanet ba su wuce 60,000 ba.

A 1994, William Cheswick da Steven Bellovin na cibiyar bincike ta Bell Labs suka wallafa ɗaya daga cikin littattafan farko kan gina katangar tsaro. Daga baya Bellovin ya zama farfesa a Jami'ar Columbia da ke birnin New York.

Talakawan masu kwamfuta kuwa sun fara jin nauyinta ne a watan Agustan 2004, lokacin da Microsoft ya fitar da babbar sabuntawa ga Windows XP wadda ta kunna katangar kai tsaye ga kowa. Matakin ya biyo bayan ɓarnar ƙwayoyin cutar kwamfuta irin su Blaster a 2003 da Sasser a 2004. Manhajoji da dama sun daina aiki yadda aka saba, har sai da kamfanin ya fitar da jerin sunayensu da hanyar buɗe musu ƙofa.

Me ya sa take tare manhajar da ba ta da laifi?

Katanga ba ta san niyya ba, ƙa'ida kawai ta sani. Akwai dalilai kaɗan da suka fi jawo ta tare abin da mai kwamfuta ke buƙata.

Na farko shi ne tambayar da aka amsa cikin gaggawa. A karon farko da wata manhaja ta nemi karɓar saƙo daga waje, Windows kan nuna akwatin neman izini. Mutane da yawa kan rufe akwatin ba tare da karantawa ba, ita kuma katangar ta rubuta hakan a matsayin hani, ta ci gaba da aiki da shi.

Na biyu shi ne sabuntawa. Idan manhaja ta sauya fayil ɗinta ko wurin da take zaune a cikin kwamfuta, katangar na iya ɗaukar ta a matsayin baƙuwa, domin izinin da aka bayar na tsohuwar siffar ne.

Na uku shi ne nau'in hanyar sadarwa. Windows na bambanta hanyar gida da ta jama'a, irin ta otal ko tashar jirgin sama. Idan aka yi kuskuren sanya Wi-Fi na gida a sahun na jama'a, kwamfutar kan ɓoye kanta, sai firinta da sauran na'urorin gida su daina ganin ta.

Na huɗu shi ne tara masu gadi a ƙofa ɗaya. Manhajojin riga-kafi da yawa na zuwa da tasu katangar. Idan ita da ta Windows da wata VPN suka haɗu, kowace na iya soke izinin da ɗayar ta bayar.

Na biyar kuma, katangar ba lallai ta kasance cikin kwamfutar ba. Saƙon ma'aikaci a wani ofishi da ke Manhattan kan ratsa katangar kwamfutarsa, da ta na'urar rarraba intanet, da ta ma'aikatarsa, sannan da ta shafin da yake nema. Ko wace daga ciki na iya tsayar da shi.

Abin da ke ƙara rikita lamarin shi ne yawancin katangu kan jefar da saƙon da suka tare ba tare da sun ce uffan ba. An tsara su haka ne domin kada mai neman kutse ya gane akwai kowa a gidan. Amma sakamakonsa ga mai amfani shi ne manhaja ta yi ta juyi har lokaci ya ƙure, kamar dai yadda take yi idan intanet ta ɗauke da gaske.

Lokutan da katangar ta yi kuskure

Ƙorafin masu amfani na da tushe, domin an sha samun lokutan da katangar ce ta jawo matsalar.

A ranar 8 ga Yulin 2008, Microsoft ya fitar da gyara ga wata babbar ɓaraka a tsarin adireshin intanet, wadda masanin tsaro Dan Kaminsky ya gano. Gyaran ya sauya yadda Windows ke tambayar adireshi, ita kuma katangar ZoneAlarm, wadda mutane da yawa ke amfani da ita a lokacin, ba ta gane sabon salon ba.

Masu ZoneAlarm da suka karɓi gyaran sun rasa intanet baki ɗaya. Wahalar ta ninka, domin bayanin yadda za a warware matsalar yana kan intanet ɗin da ba sa iya shiga. Sai bayan kamfanin Check Point, mai manhajar, ya fitar da sabuwar siffa lamarin ya daidaita.

A ranar 2 ga Yulin 2019, da misalin ƙarfe 9:42 na safe agogon New York, shafuka masu ɗimbin yawa a faɗin duniya suka daina buɗewa. Kamfanin Cloudflare, wanda ke tsare miliyoyin shafuka, ya ce wata sabuwar ƙa'ida guda ɗaya da injiniyoyinsa suka ƙara wa katangarsa ce ta cinye ƙarfin kwamfutocinsa. Matsalar ta ɗauki minti 27.

Abin lura shi ne yadda kamfanin ya magance ta. Ya dakatar da wancan sashe na katangar na ɗan lokaci, ya gano ƙa'idar da ta lalace, ya cire ta, sannan ya mayar da katangar bakin aiki a ranar.

Mafi tayar da hankali shi ne abin da ya faru a jihar Massachusetts mai maƙwabtaka da New York, ranar 18 ga Yunin 2024. Lambar kiran gaggawa ta 911 ta daina aiki a duk faɗin jihar na kimanin sa'o'i biyu, ana tsakiyar tsananin zafi. Hukumomin jihar sun ce binciken farko ya nuna katangar tsaro ce ta hana kiraye-kirayen isa cibiyoyin da ke karɓar su.

Sai dai ba kowace yankewa ba ce laifin katanga. A ranar 8 ga Yulin 2015, kasuwar hannayen jari ta New York ta dakatar da ciniki daga ƙarfe 11:32 na safe zuwa 3:10 na rana. An yi ta raɗe-raɗin kutse, amma kasuwar ta ce sabuwar manhaja ce ba ta dace da saitin na'urorin da ke haɗa ta da abokan cinikinta ba.

Haka ma a ranar 14 ga Maris ɗin 2024, lokacin da intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa. Duk wanda ya kashe katangarsa a ranar bai gyara komai ba, kofarsa kawai ya bari a buɗe.

Idan da gangan aka rufe ƙofar

Wani lokaci kuma katangar na yin daidai abin da aka umarce ta ne.

A watan Janairun 2023, hukumar makarantun gwamnati ta birnin New York, wadda ta fi kowace girma a Amurka, ta toshe ChatGPT a hanyoyin sadarwa da na'urorin makarantunta. Ta janye matakin a watan Mayun shekarar. A watan Agusta kuma birnin ya haramta TikTok a na'urorin gwamnati.

Tun 2018 birnin ya sanar da amfani da tsarin Quad9 a Wi-Fi na jama'a da ke ƙarƙashinsa, wanda ke hana buɗe shafukan da aka san suna yaɗa muguwar manhaja ko satar bayanai.

Saboda haka ɗalibi ko ma'aikacin da shafi ya ƙi buɗe masa a makaranta ko ofis, alhali yana buɗewa a gida, mai yiwuwa doka ya ci karo da ita. Ƙoƙarin zagaye ta da VPN a kwamfutar aiki na iya zama saɓa ƙa'idar ma'aikata, kuma yana iya kai mutum ga rasa aikinsa.

Hausawa mazauna ƙetare sun san wannan yanayi. Mai zaune a unguwar Bronx ko Harlem na iya tarar da kiran WhatsApp zuwa Kano ko Maraɗi ko Kumasi ya ƙi shiga ta Wi-Fi na wurin aiki, amma ya shiga da zarar ya koma datar wayarsa. Wasu shafukan banki kuma kan yi shakkar duk wanda ya zo daga adireshin wata ƙasa ko ta VPN.

Akwai kuma katangun da ƙasashe ke ginawa. 'Yan kasuwar da ke zuwa Guangzhou sun san cewa Google da Facebook da WhatsApp a toshe suke a China. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an daɗe da taƙaita kiran murya da bidiyo ta WhatsApp. A Najeriya ma, kamfanonin sadarwa sun toshe Twitter bisa umarnin gwamnati daga 5 ga Yunin 2021 zuwa 13 ga Janairun 2022.

A duk waɗannan, babu wani saiti a cikin kwamfutar mutum da zai buɗe ƙofar, domin ba a can aka rufe ta ba.

Me ke faruwa idan babu katanga?

Amsar da ta fi kowace tsada ta ratsa ta wani gini da ke titin Liberty a Manhattan, hedikwatar Babban Bankin Tarayya reshen New York, inda manyan bankunan ƙasashe da dama ke ajiye kuɗinsu.

A farkon watan Fabrairun 2016, masu kutse suka shiga kwamfutocin Babban Bankin Bangladesh, suka aika umarni 35 na bogi zuwa New York, suna neman a fitar da kusan dala biliyan 1 daga asusun ƙasar.

Biyar daga cikin umarnin sun wuce, na dala miliyan 101. An tare dala miliyan 20 da aka nufi Sri Lanka da su, bayan kuskuren rubutu a sunan mai karɓa ya jawo shakku. Dala miliyan 81 kuwa sun isa Philippines, kuma akasarinsu sun ɓace a gidajen caca.

Bankin na New York ya ce ba a kutsa cikin nasa tsarin ba. A watan Afrilun shekarar, wani babban jami'in 'yan sandan Bangladesh da ke cikin masu bincike, Mohammad Shah Alam, ya shaida wa kamfanin dillancin labarai na Reuters cewa bankin ƙasarsa ba shi da katangar tsaro, kuma yana amfani da na'urorin haɗa kwamfuta na hannu da farashinsu bai wuce dala 10 ba.

Alamar farko da ma'aikatan bankin suka gani a birnin Dhaka ita ce firintar da ke buga shaidar hada-hadar kuɗi ta daina aiki. Sun ɗauke ta a matsayin 'yar matsalar na'ura irin ta kullum. A 2018, ma'aikatar shari'ar Amurka ta tuhumi wani ɗan Koriya ta Arewa, Park Jin Hyok, da hannu a satar.

A watan Mayun 2017, muguwar manhajar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, ciki har da na asibitocin Birtaniya. Ta ƙofa mai lamba 445 take yaɗuwa, ba tare da ta jira mai kwamfuta ya danna komai ba. Wannan ce irin ƙofar da katanga mai kyakkyawan saiti ke rufewa ga baƙi.

Buɗe ƙofa fiye da kima ma na da irin wannan sakamako. A 2019, bankin Capital One na Amurka ya sanar da cewa an saci bayanan mutum kimanin miliyan 106, ta hanyar wata katanga da ba a saita daidai ba. Hukumomi sun ci tarar bankin dala miliyan 80 a 2020. Hausawa dai na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma katanga kaɗai ba ta isa ba, kuma tarihin New York kansa ya nuna haka. Titin Wall Street ya samo sunansa ne daga katangar da 'yan ƙasar Holan suka gina a 1653 domin kare garin ta ɓangaren tudu. Da Turawan Ingila suka zo a 1664, ta teku suka ɓullo, suka karɓi garin ba tare da yaƙi ba.

Shi ma wanda ya kutsa Ma'aikatar Shari'ar birnin a 2021 bai fasa katanga ba. Jaridar New York Times ta ruwaito cewa ya yi amfani da kalmar sirrin wani ma'aikaci da aka sace, kuma ma'aikatar ba ta aiwatar da tsarin tantancewa mai mataki biyu ba, duk da cewa birnin ya daɗe da wajabta shi.

Yadda ake gano inda matsalar take

Kafin a taɓa kowane saiti, akwai tambayoyi uku da kan nuna inda hanyar ta toshe.

Tambaya ta farko: manhaja ɗaya ce ta ƙi aiki ko duka? Idan burauza na buɗe shafuka amma wata manhaja guda ta ƙi haɗuwa, zato ya fi ƙarfi kan katanga. Idan komai ya tsaya, a fara duba na'urar rarraba intanet da kamfanin sadarwa da kuma ragowar data.

Ta biyu: na'ura ɗaya ce ko dukan na'urorin gidan? Idan waya na aiki a kan Wi-Fi ɗin da kwamfuta ta kasa, matsalar na cikin kwamfutar.

Ta uku: me zai faru idan aka sauya hanya? A haɗa kwamfutar da datar waya. Idan manhajar ta yi aiki, toshewar na cikin hanyar farko, wato ta ofis ko makaranta ko otal. Idan har yanzu ta ƙi, ko dai saitin kwamfutar ne ko kuma shafin da ake nema ne ya faɗi.

Akwai ƙananan abubuwa da ke kwaikwayon matsalar katanga. Kwanan wata da agogon da ba daidai ba na sa shafuka masu tsaro su ƙi buɗewa. Wi-Fi na otal da na tashar jirgi kan buƙaci a buɗe burauza a amince da sharuɗɗa kafin komai ya wuce. Wasu VPN kuma na yanke intanet gaba ɗaya da zarar haɗinsu ya katse, domin kada bayanai su fita a fili.

Idan ta tabbata katangar kwamfutar ce, gyaran shi ne a ba manhajar da ake buƙata izini ita kaɗai. A Windows ana yin haka a sashen Windows Security, inda akwai jerin manhajojin da aka yarda su ratsa katanga. A kwamfutocin Mac, saitin na cikin sashen hanyar sadarwa.

Ba wa manhaja izini ya fi buɗe lambar ƙofa aminci. Manhajar kan yi amfani da ƙofar ne lokacin da take aiki, amma ƙofar da aka buɗe da lamba takan zauna a buɗe har sai an tuna an rufe ta.

Ya kamata a taƙaita izinin ga hanyar gida idan a nan kaɗai ake buƙatarsa, a kuma tabbatar manhajar daga shafin kamfaninta ko kantin manhajoji na hukuma aka sauke ta. Manhajar sata da ke neman a kashe tsaro kafin a girka ta, wannan buƙatar kaɗai ta isa gargaɗi.

Microsoft da kansa na ba da shawarar kada a kashe katangar Windows. Idan har ƙwararre ya ga dole a dakatar da ita domin gwaji, a yi hakan na 'yan mintuna a kan hanyar gida, kada a yi a Wi-Fi na jama'a, sannan a mayar da ita nan take. Haɗarin da ya fi yawa shi ne mantuwa: an kashe domin gwajin minti biyar, ta zauna a kashe wata shida.

A kwamfutar ofis ko ta makaranta kuwa, aikin na jami'an fasaha ne. Abin da zai taimaka musu shi ne sunan manhajar, da lokacin da ta tsaya, da hoton saƙon da ta nuna, da sakamakon gwajin datar waya. Katangu na ajiye rajistar abin da suka tare, kuma da waɗannan bayanai ana iya gano ƙa'idar da ta jawo matsalar cikin sauri.

Ga masu amfani da waya kaɗai, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar Hausa, wayoyin Android da iPhone ba su da katanga mai maɓallin kunnawa da kashewa kamar ta Windows. Idan manhaja ta ƙi haɗuwa, a duba saitin tsimin data, da VPN, da izinin manhajar na amfani da intanet, sannan a gwada wata hanyar.

Gargaɗin bogi

'Yan damfara sun gane cewa mutane na tsoron saƙon katanga, don haka suke kwaikwayonsa.

Mutum na cikin karanta wani shafi, sai allo ya cika da jan rubutu da ƙarar jiniya, ana cewa katangar tsaro ta toshe kwamfutarsa, ya kira wata lamba cikin gaggawa. Wanda ya kira, za a nemi ya girka manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, wato ya buɗe wa ɓarawo ƙofa da hannunsa, daga nan a kai ga asusun bankinsa.

Hukumar bincike ta FBI ta ce a shekarar 2023 kaɗai, waɗanda suka kai mata ƙorafi kan irin wannan damfara ta masu ikirarin gyaran kwamfuta sun yi asarar sama da dala miliyan 900, kuma tsofaffi ne suka fi shan wahalarta.

Microsoft ya sha nanata cewa saƙonninsa na gargaɗi ba sa ɗauke da lambar waya. Duk saƙon da ya zo da lamba yana neman a kira, abin yi shi ne a rufe burauzar, ko a kashe kwamfutar a sake kunnawa.

Wanda ya riga ya kira har ya ba da izinin shiga, ya cire kwamfutar daga intanet, ya sanar da bankinsa ba tare da ɓata lokaci ba, sannan ya sauya kalmomin sirrinsa ta wata na'urar daban. A Amurka ana kai irin wannan ƙorafi ga cibiyar IC3 ta hukumar FBI, a Najeriya kuma ga hukumar EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta rundunar 'yan sanda.